Neman Wasa a Birni: Abin da Ya Kamata Ɗan Dutsi Ya Sani

Wanda ya tashi a Dutsi, ko Shargalle, ko ɗaya daga cikin ƙauyukan da ke kewaye da su, bai saba neman wasa ba, domin wasan ne ke zuwa ya same shi. Da kaka ta yi, an yanke gero an kai rumbu, sai ka ji kalangu ta bayan gari, ka san 'yan dambe sun sauka. Ranar kasuwa ga gardawa da macizansu, ga mai magani yana tara jama'a da ban dariya kafin ya kwance jakarsa. Azumi na kai kwana goma yara su fito tashe. Ba wanda ya taɓa buga takarda don ya sanar da kai.

Sai ranar da karatu, ko fatauci, ko aikin gwamnati ya kai mutum Katsina, ko Kano, ko Zariya. Ya yi wata da watanni bai ga komai ba sai gidan kallon ƙwallo da waya a hannun kowa, sai ya yanke hukunci cewa birni ya kashe wasa. Akwai gaggawa a wannan hukunci. Wasan yana nan, birnin ne ya yi faɗi, kiɗan da ake yi a Sabon Gari ba ya isa kunnen wanda ke Kabuga. A Legas mutum zai iya nufar babban gidan wasa na ƙasa da ke Iganmu, wanda ya karɓi bikin FESTAC na 1977, ko wani daga cikin ƙananan gidajen wasan garin, ya tambayi abin da za a nuna, ya sayi tikiti. A biranen ƙasar Hausa tsarin daban ne. Wasanninmu suna bin wata ne, suna bin damina da kaka, suna kuma bin mutanen da suka gaje su. Saboda haka tambayar farko ita ce, wane wata muke ciki? Bayan ita ne ake tambayar wuri.

Mu fara da azumi. Daga daren goma ga wata ake fara tashe, kuma duk wanda ke son ya ga asalin wasan kwaikwayon Bahaushe, a nan zai gan shi. Yara su yi gemun auduga su zama tsofaffi, 'yan mata su yi Mairama da Daudu suna kwaikwayon zaman aure, wani ya goyo tarkacen saiwoyi ya zama Jatau mai magani. Akwai ɗan wasa, akwai shiga, akwai 'yan amshi, akwai 'yan kallo, akwai kuma saƙon da ake son isarwa. A Kano har sarauta ke gare shi, domin Nalako shi ne sarkin gwagware, kuma tashensa na manya ne. A sabbin unguwanni masu dogayen katangu da wuya ka ga tashe mai armashi. Cikin tsohon gari ake shiga, lungunan da gidaje ke manne da juna, bayan an sauko daga sallar asham. Sai dai a sani, a wasu shekarun baya-bayan nan 'yan sandan Kano sun hana tashe saboda ɓata-garin da ke fakewa da shi suna ƙwacen waya, don haka a saurari sanarwa a rediyo kafin a fita da yara.

Hawan sallah ba sai an yi wa ɗan Dutsi dogon bayaninsa ba, tunda Daura na nan kusa, ga Katsina kuma. Abin da mutane da yawa ba su lura da shi ba shi ne, ranar idi ba ita ce ranar da ta fi kyan kallo ba. Ran nan kowa na cikin hidimar kansa. A kwanakin da ke biye ne ake fito da kaya na gani na faɗa. A Daura ana Hawan Magajiya, a Katsina Sarki kan hau zuwa gidan gwamnati da hakimansa. A Kano kuwa kwanaki ake jerawa: Hawan Sallah, sai Hawan Daushe da yamma washegari, wanda Sarki ke zuwa Babban Ɗaki ya gai da mahaifiyarsa sannan ya dawo Ƙofar Kudu ya karɓi jahi, sai Hawan Nassarawa da ke ratsa gari har gidan gwamnati, sannan Hawan Ɗorayi a ƙaramar sallah ko Hawan Fanisau a babba. In rana ɗaya kawai gare ka, zaɓi Daushe, ka isa Ƙofar Kudu tun bayan azahar kafin a cika. Za ka ga 'yan lifidi, da 'yan sulke, da 'yan bindiga, da dogarai, kowane hakimi da ayarinsa da makaɗansa, ana busa algaita da kakaki. A watan Disamba na 2024 hukumar UNESCO ta sanya hawan Kano cikin jerin al'adun duniya da ake alfahari da su. Amma a daidai waɗannan shekaru ne kuma aka sha dakatar da hawan saboda rikicin masarauta, don haka kada mutum ya ɗauki hanyar Kazaure da Ɗambatta sai ya tabbatar za a hau.

Watan Rabi'ul Awwal kuwa namu ne. Sallar Gani a Daura tana zuwa ne a lokacin Maulidi, kuma mutane kan taso daga nesa, har daga Jamhuriyar Nijar, don su gan ta. Filin Kangiwa kan cika da dawaki, da makaɗan fada, da maroƙa, da 'yan tauri. Abin takaici ne a ce mutum ya san hanyar Kano don kallo, amma bai taɓa tsayawa Gani ba, alhali tafiyar ba ta taka kara ta karya ba. Wanda ya je ya haɗa da ziyarar rijiyar Kusugu, ya kuma tuna cewa a wannan gari aka binne Alhaji Mamman Shata da ya rasu a 1999. Mako guda bayan Maulidi kuma Kanawa ke Takutaha, ranar da jama'a ke tururuwar hawa dutsen Dala.

Watannin nan suna matsowa baya da kimanin kwana 11 a kowace shekara, saboda haka kalandar Musulunci ake dubawa. Rana ɗaya ce ke tsaye a kalandar boko, wato 26 ga Agusta, Ranar Hausa ta Duniya, wadda aka fara a 2015. Ran nan akan yi taruka a birane da jami'o'i, a gayyato makaɗa da 'yan wasa, kuma Daura ma ta karɓi baƙuncin taron.

In kuwa mutum ya sauka birni a watan da ba azumi, ba sallah, ba Gani, to gidan dambe shi ne wurin da ba ya jiran wata. Dambe a da na rundawa ne, suna bin garuruwa bayan girbi. Yanzu ya zama sana'a mai gida da ƙofa da tikiti. A Kano filin Ado Bayero da ke Sabon Gari ya yi suna a kai, a Abuja akwai gidan Ali Zuma a Dei-Dei, kuma da wuya a sami babban gari a Arewa da ba shi da nasa, har da Katsina. Bayan la'asar ake farawa, a tashi da magariba. Sabon zuwa kan ɗauka duka ne kawai ake yi, sai ya zauna tukuna zai gane wasa ne mai tsari daga farko har ƙarshe. Makaɗi zai ɗauko taken ɗan dambe, shi kuma ya zabura, jiki na tsuma, ya shigo fili ya yi kirari, ya nuna wanda yake nema. Ana ɓangare-ɓangare, ga Kudu, ga Arewa, ga Guramada, kowane da magoya bayansa da wurin zamansu. Hannu ɗaya ake ɗaurewa da zare, ɗayan na kariya ne. Ana lissafi da turmi, in aka kai mutum ƙasa a ce an yi kisa, in aka yi turmi uku ba wanda ya faɗi a raba su. Yara ake fara sakewa, manya sai rana ta yi sanyi, saboda haka kada ka tashi da wuri. Wanda ya taɓa jin yadda makaɗi Ɗan Anace ya ɗaukaka ɗan dambe Shago zai fahimci cewa rabin dambe a bakin makaɗi yake.

Kokawa kuma maƙwabtanmu na Nijar sun fi mu riƙe ta. Tun 1975 suke gasar Takobi ta ƙasa, wadda aka fara a Tawa, kuma Kantu na Maraɗi ne ya fara ɗaukar takobin. Gasar tana zagaya jihohinsu, yawanci a lokacin sanyi, ana watsa ta a rediyo da talabijin, gari ya tsaya cik. Shekarar da ta faɗo Damagaram ko Maraɗi, ɗan Dutsi ya fi ɗan Yamai kusa da filin; Damagaram ma ta Mai'aduwa da Kwangwalam ake shiga. A dai tafi da takardun shaida, a kuma bincika halin da iyaka ke ciki.

Saura wasan kwaikwayo na dandamali, wanda ake hawa a yi a gaban jama'a, kuma a nan ne maganar take da nauyi. Muna da shi tun kafin boko. Matan fada suna Wasan Gauta, su kwaikwayi Sarki da fadawansa a gaban idonsa, ya ga halinsa a jikin wata. Samarin ƙauye suna Kalankuwa bayan girbi, su naɗa sarkinsu da alƙalinsu da 'yan dokarsu. A Damagaram akwai Wasan Kara. 'Yan kama kuma su yi shigar malamai, su ja baƙi a kan tuwo da miya har mutane su riƙe ciki. Da boko ya zo sai aka fara rubutawa. Malam Aminu Kano ya rubuta wasanni tun yana ɗalibi, yana sukar zalunci da su. Abubakar Tunau ya yi Wasan Marafa, Shu'aibu Maƙarfi ya yi Zamanin Nan Namu da Jatau na Kyallu, Mohammed Sada ya yi Uwar Gulma, namu na Katsina kuma, Umaru Ɗanjuma Kasagi, ya fitar da Kulɓa na Ɓarna a 1979. A wancan zamani kusan kowace makarantar kwana tana da ƙungiyar wasan kwaikwayo, kuma a Kano akwai ƙungiyoyin unguwa irin su Tumbin Giwa da Gyaranya da Jigon Hausa, suna haɗa wasa su nuna wa jama'a.

To ina suka tafi? Kyamara ce ta ɗauke su. Rediyo da talabijin suka fara jan gwanaye, irin su Kasimu Yero da Usman Baba Pategi, wanda duniya ta sani da Samanja. Sannan a 1990 ƙungiyar Tumbin Giwa ta fitar da Turmin Danya a kaset ɗin bidiyo, daga nan masana'antar finafinan Kano ta kafu. Lissafin a fili yake. Wasan dandamali sai an yi makonni ana gwaji, a kama zaure, a nuna dare ɗaya ga mutanen da suka samu zuwa. Fim kuwa sau ɗaya ake ɗauka, ya shiga gidaje dubbai, har da na matan da ba sa fita kallo. Ba a zargin ɗan wasa don ya bi inda abincinsa yake. Amma an yi asara, kuma ni a ganina babba ce. A gaban dandamali ɗan kallo yana da baki. In wasa ya yi daɗi a yi shewa, in ɗan wasa ya kauce a gyara masa nan take, shi ma yana jin numfashin jama'a yana sauya salo. Mutum ɗari su yi dariya tare a kan halin da dukansu suka sani a unguwarsu, su fito suna muhawara. Wanda ke kallo a waya shi kaɗai a ɗaki ba ya samun wannan.

Abin da ya rage na dandamali yau yana wurare biyu, jami'a da hukumomin al'adu. A Jami'ar Ahmadu Bello da ke Samaru akwai sashen wasan kwaikwayo, da gidan wasansa da aka gina da ƙasa a tsakiyar shekarun 1970, ɗakuna zagaye da fili kamar tsakar gidan Bahaushe. Ginin kansa ya isa a je gani. Daga wannan sashe ne malamai da ɗalibai suka riƙa fita ƙauyuka irin su Soba, da Bomo, da Maska ta ƙasar Funtuwa, su zauna da manoma, su ji damuwarsu, su haɗa wasa da Hausa tare da su a kan taki, da rashin ruwa, da cutar 'yan baranda. Jami'ar Bayero a Kano ita ma tana da irin wannan sashe. Abin da za a riƙe shi ne, ɗaliban waɗannan sassa dole ne su hau dandamali domin jarrabawarsu ce, saboda haka ƙarshen kowane zangon karatu akwai wasanni, wasu da Turanci wasu da Hausa, kuɗin shiga kaɗan ne, wani lokaci ma kyauta. Ba a hana baƙo. Ka je sashen da rana, ka duba allon sanarwa, ko ka tambayi duk ɗalibin da ka gani. Haka nan ƙungiyoyin ɗaliban Hausa a jami'o'i da kwalejojin ilimi, har da na Katsina, sukan yi Makon Hausa, kuma da wuya a rufe shi ba a yi wasan kwaikwayo ba.

Hukumomin tarihi da al'adu na jihohi su ne na biyu. Ta Kano tana Gidan Ɗan Hausa, tsohon gidan Baturen nan Hanns Vischer da ya buɗe makarantar boko a Nassarawa a 1909. Ta Katsina ma tana da dandalin wasa na sarari. Waɗannan hukumomi suna riƙe da makaɗa da masu rawa da 'yan wasa, su ne ke wakiltar jiha a bikin al'adu na ƙasa da ake kira NAFEST, wanda ake yi tun 1970 ana zagaya jihohi. Gaskiyar magana, galibi sai gwamnati na da baƙi ake fito da su, kuma wannan gazawa ce, domin da kuɗin jama'a ake biyansu, ya kamata a ce akwai rana tsayayya a wata da talaka zai je ya kalla. Duk da haka shiga ofishin yana da amfani. Ma'aikatan sun san wane makaɗi ke gari, sun san ranar da ake gwaji, kuma mai ladabi ba a cika hana shi zama ya kalli gwajin ba. A gefe guda kuma matasa sun fara nasu yunƙuri, kamar bikin littattafai da fasahar Hausa na HIBAF da aka fara a Kaduna a 2021, inda ake karatun waƙa da kiɗa da tattaunawa a gaban jama'a.

Yaya ake jin labari? Rediyo har gobe shi ne kan gaba. Gidajen rediyon Kano da Katsina suna sanar da gasar dambe, da taron al'ada, da dakatar da hawa. Masu gidajen dambe da ƙungiyoyin ɗalibai suna sa sanarwarsu a Facebook da WhatsApp. Amma matambayi ba ya ɓata, kuma akwai mutanen da suka fi waya sani. Mahauta sun san dambe, masu kiwon dawaki da masu ɗinkin kayan doki sun san hawa da kilisa, direban a-daidaita-sahu ya san inda jama'a ke taruwa da yamma. Ka gaisa da dattijo a bakin kasuwa, ka ce, "Baba, ni baƙo ne daga Dutsi, ina ake dambe a garin nan?" Zai kwatanta maka, wataƙila ma ya haɗa ka da yaro.

A san kuma irin wurin da ake shiga. Akwai gidajen rawa da ake kira gala, waɗanda Hisba da Hukumar Tace Finafinai ta Kano suka sha takun saƙa da su. Wani zai ce maka wasan gargajiya ake yi a ciki, amma ba wurin da za ka kai iyali ba ne. Wurin iyali shi ne hawa, da wasan jami'a, da taron hukumar al'adu, da Ranar Hausa. Mata kuma suna da nasu fagen a bukukuwa, inda masu amada ke kiɗan ƙwarya, irin wanda marigayiya Barmani Coge ta Funtuwa ta yi fice a kai. Wannan sai da gayyata, kuma na mata ne zalla. A wurin hawa a riƙe hannun yaro, a nisanci gaban dawaki lokacin jahi, a adana waya. A nemi izini kafin a ɗauki hoton mutum kusa da kusa. A kuma shirya hanyar komawa masauki tun da rana, domin abin hawa yana wuya in dare ya yi.

Magana ta ƙarshe ta kuɗi ce. Makaɗin da ke gabanka ba shi da albashi, ɗan damben da ya ba da fuskarsa haka, ɗalibin da ya yi makonni yana haddar magana ma daga aljihunsa ya ɗinka kayan wasa. Mun saba da kallon kyauta, muna neman wanda muka sani a bakin ƙofa don ya shigar da mu, sannan mu dawo muna cewa wasa ya mutu. Ka sayi tikitinka. Ka canza kuɗi ƙanana kafin ka shiga, in makaɗi ya burge ka ka tashi ka yi masa kari. Shugabannin makarantunmu na Dutsi kuma su farfaɗo da ƙungiyoyin wasan kwaikwayo, littattafan suna nan, tsakar makaranta ta isa dandamali. Ku kuma iyaye, in Rabi'ul Awwal ya kama, ku ɗauki yaranku ku kai su Daura su ga Gani da idonsu.